Gwajin Dogo Ya Shiga Rediyo

Dogo yana cin ɗumame a ƙofar gida ya ji asirinsa a rediyo.

Rediyon na maƙwabci ne, an rataye shi a reshen dalbejiya. Muryar mace ce take magana, kuma ya san ta. Murna ce, jikar ƙanensa, wadda take karatun halayyar ɗan Adam a jami'a a Kano. Tana ba mai shirin labarin wani tsoho dogo a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, da yadda yake gwada mutum kafin ya ba shi makullin ƙofar ruwa. Ba ta faɗi suna ba. Ba a buƙata. Tsoho dogo mai makullin ruwa ɗaya ne a Tudun Marke.

Ya ture kwanon gefe. Ya saurara har ƙarshe. Ba ta rage komai ba.

Ruwan rani yana zuwa Tudun Marke ta babbar kanal. Daga nan yake shiga ƙaramar hanya da ta ratsa gonaki, tun daga ƙofar ƙarfe har inda noma ya ƙare. Waɗanda suke kusa da ƙofa su ne 'yan baki. Na can ƙarshe su ne 'yan wutsiya. 'Yan baki ba sa rasa ruwa. 'Yan wutsiya sai abin da aka rage musu. Mai makulli shi yake raba ranaku, yau na waɗannan, gobe na waɗancan. In ya karkata, albasar wutsiya a fangali take ƙonewa.

Tun da aka haƙa kanal makullin babbar ƙofa yake wuyan Dogo, a igiyar fata. Ƙananan ƙofofi kuma shi yake zaɓar masu riƙe su. Duk mai so, Dogo zai ce masa ya zo da hantsi su taka hanyar ruwa su biyu, daga baki zuwa wutsiya. A ƙarshen hanya akwai tsamiya. A gindinta yake yi wa mutum tambayoyi, yaushe ake buɗewa, yaya ake yi in ciyawar kachalla ta toshe hanya. Kowa ya ɗauka tambayoyin ne gwajin. Har bita ake yi a majalisa.

Tambayoyin ba komai ba ne. Kafin gari ya waye Dogo yakan je da fartanya ya fasa gefen hanyar ruwa daidai gonar mutumin. Ɓaraka ƙarama, faɗin tafin hannu. Ruwan jama'a ya riƙa zuba a gonarsa a ranar da ba tasa ba. Sai su zo wucewa. Dogo ba ya duban ɓarakar, mutumin yake duba. Wani ya tsaya ya naɗe wando ya toshe. Wani ya gani ya ɗauke kai ya kama zancen tsadar taki. Wanda ya toshe ya sami makulli, a rantsar da shi kada ya faɗa. Wanda ya ɗauke kai ya koma gida yana zaton tambaya ce ta kayar da shi.

Wannan ne Murna ta zazzage wa duniya.

Kafin la'asar muryar ta shiga wayoyi. Samari suna saurare a bakin injin shinkafa suna dariya. Manya ba su yi dariya ba. Aka shiga tuno waɗanda suka taɓa taka hanya da Dogo suka dawo hannu rabbana. Sunan da ya fi yawo shi ne na Alhaji Hammadu, mai injin casa da manyan gonaki a baki. Yana saurayi ya nemi makulli bai samu ba. Yanzu gari ya san dalili. Shi ma sai yanzu ya sani.

Abin ya zo a mugun lokaci. Gwiwoyin Dogo sun gaji. Ƙarfen ƙofa ba ya juyuwa a hannunsa sai ya huta a tsakani. Ya riga ya gaya wa ƙungiyar masu ruwa bana zai miƙa babban makulli. Mutum biyu suka fito nema. Ɗaya Jamaluddeen ne, ɗan Alhaji Hammadu, yaro mai fara'a da iya magana. Ɗaya Iliyasu mai tumatir, wanda gonarsa take tsakiya, mutum ne marar daɗin baki da ba kowa yake son zama da shi ba.

Ƙungiya ta kira mitin a filin firamare. Malam Ibrahimu, ciyaman, bai gama buɗe taro da addu'a ba Alhaji Hammadu ya miƙe.

"Ciyaman, kada mu ɓata lokaci. Gwaji ya mutu. Matata ta san amsar. Mai sayar da rake a tasha ya san amsar. A kaɗa ƙuri'a kamar yadda ake yi ko'ina."

Bai dubi Dogo ba ko sau ɗaya.

Dogo ya san abin da ƙuri'a take nufi. 'Yan baki sun fi yawa, kuma rabinsu a injin Hammadu suke casa. Makulli zai tafi gidan baki ya zauna.

Daga bayan taro Tambaya ta yi magana. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu ya bar mata fangalin albasa a ƙarshen wutsiya, kuma ta wuce shekarun da ake hana mace magana a taro.

"In an kaɗa ƙuri'a, Ciyaman, ka aiko mana da tuluna. Mu riƙa ɗebo wa albasa ruwa a ka."

Aka yi dariya. Ibrahimu ya juya.

"Baba Dogo, me ka ce?"

Dogo bai tashi ba. Tashi yana yi masa wuya, kuma ba ya son a gani.

"A ba ni tafiya ɗaya."

"Da wane gwajin?" in ji Hammadu. "Wanda ake sa wa a rediyo?"

"Shi. Kowa ya zo ya kalla. In ban raba su ba, ku kaɗa abinku."

Hammadu ya yarda nan take. Aka sa ranar Talata, ranar ruwan 'yan wutsiya.

Dogo ya koma gida a hankali. Ba shi da wata dabara. Girman kai ne ya yi magana a bakinsa, kuma ya sani.

Murna ta zo ranar Lahadi da yamma, bayan an taso daga coci. Gidansu na coci ne, na Dogo na masallaci, katanga ɗaya ce tsakani. Ta same shi a tsakar gida yana wasa fartanya a kan dutse. Ta ajiye masa ƙullin goro.

"Angona, ko sannu da zuwa babu?"

Bai ɗago ba.

"Na sake ki."

"Saki nawa?"

"Duka."

Ta jira ya yi dariya kamar yadda ya saba in suna wasan kaka da jika. Bai yi ba. Sai ta durƙusa.

"Kaka, ka yi haƙuri."

"Kin ce na makaranta ne."

"Na makaranta ne. Malaminmu ya karanta ya ce abu ne da ya kamata a ji. Ya kai ni gidan rediyo. Ban faɗi suna ba."

"Kin ce dogo."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ɗago, don ita ma jinin gidan ce, ba ta iya haɗiye magana.

"Amma Kaka, in ka tafi da shi a cikinka wa ya amfana? Kuma waɗanda suka faɗi fa? Mutum ya faɗi, ya tsufa bai san abin da ya kayar da shi ba. Wannan adalci ne?"

"Yanzu sun sani. Gari ma ya sani. Je ki tambayi Hammadu ko ya gode miki."

Fartanya ta ci gaba da kuka a kan dutse. Murna ta gyara zama.

"A wajenmu ma rigimar ke nan. Akwai gwaje-gwajen da ake yi wa mutane a asibiti, da wajen ɗaukar aiki. Hotuna ne da tambayoyi, don a san halin mutum. Wasu suka kwashe su suka zuba a intanet, kowa ya gani. Malamai suka rabu. Wasu sun ce an kashe su ke nan. Wasu sun ce ɓoyewa ce take sa a zalunci mutane ba mai dubawa."

"Wa ya yi gaskiya?"

"Har yanzu ana musu."

"To me kuke karantawa?"

Ta yi murmushi duk da halin da ake ciki.

"Abu ɗaya dai na gani da idona, da muka je koyon aiki. Wanda ya haddace amsa ana gane shi. Yakan yi kyau fiye da yadda mutum yake. Kuma in abin da ya haddace bai fito ba, sai ya rikice. Ya riƙa neman inda zai cusa shi ko ba a tambaye shi ba."

Hannun Dogo ya tsaya.

"Sake faɗa."

Ta sake faɗa. Ya daɗe yana duban bakin fartanyar. Ya shafa shi da babban yatsa. Sannan ya jingine ta da bango ya kwance ƙullin goron.

"Kin ci abinci?"

"A'a."

"Shiga ciki, Amarya."

"An mayar da ni ke nan?"

"Saki ɗaya na janye. Saura ki jira Talata."

Ranar Litinin bayan magariba ya ɗauki fartanyar ya tafi zauren Malam Ibrahimu. Ya miƙa masa.

"Ajiye min. Gobe sahu ɗaya za mu yi asuba. Daga masallaci nan zan dawo, ba zan fita ba sai hantsi. Idonka a kaina."

Ibrahimu ya juya fartanyar a hannu.

"Ɓarakar fa, Baba?"

"Babu."

"To me za su toshe?"

"Shi nake so in gani."

Iyakar abin da yake da shi ke nan. Yana iya yiwuwa su biyun su taka hanya lafiya har tsamiya, ba abin da ya faru, ya tsaya a gaban jama'a ba shi da ta cewa. Ya san haka. Bai gaya wa Ibrahimu ba.

Talata da hantsi bakin ƙofar ruwa ya cika. 'Yan baki sun zo, 'yan wutsiya sun zo, har da mutanen Kadawa da suka ji labari suka hau babura. Mai sayar da ƙosai ta kafa kasko. Murna tana gefe cikin mata. Dogo ya fito daga zauren Ibrahimu, su biyu, Ibrahimu riƙe da wani abu a naɗe cikin buhu. Dogo ya buɗe kwaɗo da kansa, ya juya ƙarfen yadda ake juyawa ranar wutsiya, don tun jiya ya bar ruwan yana tafiya rabi. Bai huta a tsakani ba. Daga baya kafaɗarsa ta biya.

Masu neman makulli suna tsaye. Jamaluddeen ya sa sabon takalmin ruwa, da fartanya a kafaɗa, yana gaisawa da kowa. Iliyasu ma ya zo da shebur. Tun da ake wannan tafiya ba wanda ya taɓa zuwa da kayan aiki.

"Ku duba," in ji wani a cikin taro. "Kowa ya zo da amsarsa a kafaɗa."

"Babba ya fara," in ji Dogo.

Iliyasu ya fito. Suka kama hanya, Dogo a dama da sandarsa, jama'a na biye a baya kamar rakiyar amarya. Jamaluddeen da ubansa suna sahun gaba.

Ba su yi nisa ba Dogo ya ji ƙara. Kunnensa ya san ta kafin idonsa ya gani. Ruwa ne yake faɗawa inda bai kamata ba.

Daidai gonar Jamaluddeen gefen hanya a fashe yake. Ɓarakar ta kai faɗin faifai. Ruwa yana kwarara cikin alkamar yaron, fangalin farko ya cika ya tumbatsa zuwa na biyu.

Wannan ba aikin Dogo ba ne. Bai bar fuskarsa ta motsa ba. Ya yi abin da ya saba. Ya bar duban ruwa ya dubi mutum.

Iliyasu ya tsaya.

"Wuce, Malam Iliya," in ji wani. "Ba taka ba ce. Taka tana gaba."

"Ta Jamaluddeen ce. Tsoho ya yi masa babba, ya ga yana da ƙarfi."

Iliyasu ya dubi Dogo. Dogo ya dubi wata shirwa a sama. Iliyasu ya gyara shebur a kafaɗa ya wuce. Ya ɗan taka kaɗan, sai ya sake tsayawa. Yana duban hanyar ruwa a gabansa. Bayan ɓarakar ruwan ya sirance, har duwatsun ƙasa sun fito.

Ya juyo, fuska a murtuke kamar kullum.

"Yau ranar wa ce?"

"Tamu," in ji Tambaya.

"Kafin a kai ni tsamiya a dawo a fara da shi, rana ta take. Ruwan nan yana zuba ke nan?"

"Malam Iliya, kada ka taɓa," in ji Jamaluddeen. Har yanzu da murmushi a bakinsa. "Kowa da tasa. Ni ban taɓa taka ba."

Alhaji Hammadu ya ɗaga murya.

"Ciyaman, ka shaida. In ya taɓa ya ɓata wa ɗana gwaji. A cire shi."

Dogo ya dubi Iliyasu. Mutumin yana son makullin nan, shekara da shekaru yana so.

"A cire ni," in ji Iliyasu.

Ya tuɓe takalmi ya faɗa ruwa. Ya yanko ƙasa mai ciyawa daga gefen gona, ya danna a bakin ɓarakar, ruwa ya ture. Ya sake yankowa, ya taka da ƙafa, ya tsine wa wanda ya ƙirƙiro yashi. Ba wanda ya taimaka masa, kowa yana tsoron ɓata gwaji. Sai da ya jiƙe har ƙirji sannan ƙarar ta mutu. Ruwa ya komo hanyarsa ya rufe duwatsun.

Jamaluddeen ya daina murmushi. Ya nufo Ibrahimu yana yarfa hannu.

"Ciyaman, ka gani da idonka. Ni me zan toshe yanzu? Sai dai Baba ya sake fasa min wata."

Dogo ya dogara sandarsa ya juyo gare shi.

"Yaushe ka gan ta?"

"Tun da sassafe, Baba. Na zo wucewa na gani."

"Ka bar ta."

"Ai gwaji ne. Jira nake a zo."

"Albasar Tambaya ma ka gaya mata ta jira?"

Dogo bai jira amsa ba.

"Wa ya fasa?"

"Kai mana, Baba. Kowa ya ji a rediyo."

"Ibrahimu," in ji Dogo.

Malam Ibrahimu ya matso gaba. Ya kwance buhun ya ɗaga fartanyar Dogo sama don na baya su gani. A bushe take, bakinta yana ƙyalli.

"Wannan a zaurena ta kwana. Baba Dogo kuwa sahu ɗaya muka yi asuba, kafaɗarsa a jikin tawa. Daga masallaci zaurena ya shiga, muka sha koko, bai fita ba sai da muka fito tare kuna gani. Tun jiya ya gaya min bana ba zai fasa wa kowa ba. Na shaida wannan don Allah."

Maganar ta bi taro daga gaba zuwa baya. Ana jin ta tana tafiya.

Tambaya ta ratso maza da sandarta. Ta kama bakin fartanyar da ke kafaɗar Jamaluddeen ta jawo ƙasa. Ta lakato da yatsa ta nuna. Laka ce ɗanya, baƙa, irin ta gefen ruwa.

"Ɗan nan, kai ba ka shiga ruwa ba tukuna. Ya aka yi fartanyarka ta riga ka?"

Yaron ya dubi ubansa. Sai maganar ta ɓalle masa.

"Zuwa na yi in duba inda take, don in shirya. Na bi gonar kaf ban ga komai ba. Na ce so ake a hana ni. A yi wa Malam Iliya tasa ya toshe a tafa masa, ni in wuce ba abin da na yi. Ƙarama na yi niyya. Ruwan ne ya ci ta."

Dariya ta tashi, ta bi gefen kanal har wajen mai ƙosai. Dogo ya ɗaga sanda, ta mutu. Ba ya son a yi wa wanda ya faɗi dariya. Shi ya sa tun farko yake yin abin su biyu.

Alhaji Hammadu ya dubi ɗansa. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, amma na kusa sun ji.

"Ni gani na yi na ɗauke kai. Ban ɗauki fartanya ba. Wuce mu tafi."

Da ya zo giftawa ta gaban Dogo ya ɗan tsaya. Karon farko ke nan da ya dube shi tun ranar rediyo.

"Ba ƙuri'a," in ji shi. Ya wuce.

'Yan wutsiya suka fara murna. Wasu samari suka yi kan Iliyasu za su ɗaga shi.

"Ba mu gama ba," in ji Dogo.

Suka ci gaba da tafiya. Gwiwoyinsa suna ciwo, bai rage sauri ba. Iliyasu yana gefensa, ruwa yana ɗiga daga rigarsa. Da suka iso gonar tumatir ɗinsa sai tafiyarsa ta canja. Ya riƙa leƙen gefen hanya. Ya sa shebur ya buɗa ciyawa. Ya wuce ya dawo ya sake leƙawa.

"Me ka yar?" in ji Dogo.

"Na ji Ciyaman, Baba. Amma idona ya ƙi yarda." Ya share fuska da hannu. "Ni ma haddacewa na yi. Jiya har gwada toshiya na yi a bayan gida, matata tana yi min dariya."

"Na ga sheburka."

"To na faɗi ke nan?"

"Tafi."

A gindin tsamiya jama'a suka yi da'ira. Ana jiran tambayoyi, don duk wanda yake wurin ya san su da ka. Dogo bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya yana duban ƙarshen hanyar ruwa, inda take shiga fangalin Tambaya. A bushe take, ƙasa ta tsage. Aka jira tare da shi ba a san abin da ake jira ba.

Sai ga shi. Da farko wani siririn harshe ne yana turo busasshen ganye a gabansa. Ya cika tsagar ƙasa ya wuce. Bayansa ruwa sosai ya iso, ya kwanta a fangalin farko, ya kewaye albasa.

Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa.

Dogo ya sa hannu biyu a wuyansa ya cire igiyar fatar. Ta yi baƙi da gumi. Inda take kwanciya a wuyansa ya yi shati. Ya rataya wa Iliyasu.

"Ranar da ka karkata, in ina da rai, zan zo in cire da kaina."

"Na ji, Baba."

"Je ka canja riga. Mai makulli ba ya kwanciya ciwo ranar farko."

Tambaya tana tsaye a cikin ruwa har idon sawu, zani a tattare.

"Dogo," in ji ta, "da na san haka kake da wayo da kai na aura."

"Da kin sha wuya," in ji shi.

Jama'a suka watse suna maimaita labarin, kowa yana ƙara masa gishiri. Dogo ya zauna a kan saiwar tsamiya, don ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa kuma. Murna ta zo ta tsuguna a gabansa da ruwa a kwano. Ya sha ya miƙa mata.

"Angona, saura saki biyu."

"Na janye ɗaya."

"Ɗayan fa?"

"Yana nan. Wancan gwajin kin kashe shi, ba zai tashi ba. Ba wanda zai sake wuce ɓaraka a gonarsa yana tare da mai gwaji. Na yau ma ya mutu, gari ya gani."

Ta ajiye kwanon.

"To wanda zai zo bayan Malam Iliya, da me za a gwada shi?"

"Iliyasu yana da kai. Ya nemo nasa."

Tana juya wayarta a hannu. Ya san abin da take so tun kafin ta buɗe baki.

"Kaka, malaminmu zai tambaye ni yadda aka ƙare. In faɗa?"

Dogo ya dubi ruwan. Ya cika fangalin Tambaya ya tsallaka na maƙwabcinta, yana tafiya ba mai tare shi. Ya shafa wuyansa inda igiyar take.

"Faɗa. Har a rediyon."

"Da gaske?"

"Amma wannan karon ba wani tsoho dogo ba. Ki faɗi suna. Dogo na Tudun Marke. Ki faɗa sau biyu, don na Bunkure su ji."

Ya miƙa mata hannu ta ja shi ya tashi. Da ya tsaya da ƙafafunsa sai ya zare hannun, ya kama sandarsa, ya shige gabanta suka bi gefen ruwa zuwa gida.